Idon Da Bai Rufe Ba

Kwamfuta a jakar baya. Cajarta. Gorar ruwa da ba a buɗe ba. Jagira marar murfi. Katin gayyatar aure guda ɗaya, na gwaji, har yanzu yana ƙanshin tawada.

Abin da Auta ta ɗauko ke nan. Wayarta ma sai da tasi ta yi nisa ta tuna ta baro ta a kan gado.

Direban ya leƙo ta madubi, ya hango katin a cinyarta.

"Hajiya, biki gare ku?"

"Haka aka ce."

"Mu gani mana, ko mu ma mu zo mu cika ciki." A wajen danja ya karɓa ya duba hoton, ya juyo ya dube ta, ya sake duban hoton. "Masha Allah! Yayarki ce? Wallahi kuna kama. Sai dai ta fi ki ido."

Auta ta karɓi katinta.

"Ta fi ni," ta ce. "Danja ta ba ka hannu."

Hoton nata ne. Ita ce amaryar.

Ta daɗe a waje tana karatu, ta dawo da sana'ar da ba wanda ya san sunanta a gidansu. Umma kan ce an tura yarinya uwa duniya ta dawo tana yi wa hoto kwalliya. Auta ba ta musu. Aikinta shi ne ta ɗauki hoton tsagaggen bango, ko tsatsar ƙofa, ko tsohuwar takarda da ruwa ya taɓa, ta shimfiɗa a kan fuskar mutum, ta rage launi ta ƙara inuwa, har hoton ya koma kamar abin da aka gani a mafarki aka kasa tunawa da safe. Mutane na saye su rataya a falo.

Injin wanke manyan hotuna a shagon wanda za ta aura kaɗai yake a unguwar. Can ta same shi, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa, furfura ta riga shekarunsa zuwa gemu. Kowa Mai Hoto yake ce masa. A bangon da ke fuskantar ƙofa akwai hoton wata mace cikin baƙin firam, mai manyan idanu, tana kallon duk wanda ya shigo. Matarsa ce, ta rasu kafin Auta ta dawo. A ƙarƙashin hoton kuma ƙanwar marigayiyar ke zaune a teburin karɓar aiki, kujerar da take kai tun yayarta na raye. Ƙanwa ake ce mata, shi ma haka yake kiranta.

Ranar da ya wanke aikin Auta na farko, ya daɗe riƙe da shi.

"Yaya aka yi bango ya fito a kumatun mutum?"

"Leya ce."

"Wace ce Leya?"

Dariya ta ƙwace mata. Ta buɗe kwamfutarta a kan teburinsa.

"Ka ɗauka ledoji ne shara-shara, ɗaya a kan ɗaya. Wannan mutum, wannan bango, wannan haske. In ka duba daga sama sai ka ga hoto guda. Kowace leda ita ce leya."

"Wannan abin da kike ja fa?"

"Kauri ne. Ka ja shi sama, leyar ta rufe ta ƙasanta ruf. Ka ja shi ƙasa, ta koma kamar hucin baki a jikin gilashi."

Ya sa yatsa a kan wata 'yar alama a gefen allon.

"Wannan ɗan idon kuma?"

"Kowace leya da idonta. In ka danna, idon ya rufe, leyar ta ɓace."

"Ta tafi ke nan?"

"Ba ta tafi ba. Tana nan, ba a ganinta ne kawai."

Ya kafe ɗan idon da kallo. Auta ta ɗauka nauyin kai ne irin na wanda ya koyi sana'a a ɗakin duhu na wanke hoto.

"In ka gama kuma," ta ce, "ka haɗe su duka su zama ɗaya kafin ka ba mai aiki. Ba a kai baƙo madafi."

"To, Malama."

Sunan ya bi ta ke nan.

Darasi ya koma hira, hira ta koma rakiya zuwa bakin titi. Wata rana ya ce ta zauna gaban farin kyallen nan ya ɗauke ta. Ta ƙi. Ita ba ta taɓa son hotonta ba: fuska doguwa, tabon faɗuwa a haɓa, ƙananan idanu, na hagu ya ɗan fi rusunawa.

"Ni nake gyara hoto, ba a gyara ni."

"Zauna, Malama. Ke ba ki san abin da nake gani ba."

Ta zauna. Da ya kawo mata hoton, ta kai shi ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe tana kallo. Ita ce, amma ita ɗin da ta daɗe tana jira ta zama. Ta duba haske, ta duba filta, ta nemi inda ya taɓa, ba ta gano ba. Sai ta ce so ne. An ce mai so yana ganin abin da madubi bai gani.

Daga nan duk sati da sabon hoto.

"Hasken idona," yake ce mata. "Idanun nan naki za su kashe ni."

Ba wanda ya taɓa yabon idanunta. Ta sayi jagira. Ta fara zama gaban madubi da hoton a jingine, tana jan girarta yadda ta fito a ciki, tana koyon buɗe ido ta karkatar da kai.

Umma ce ta fara tsayawa a hanya.

"Ba sana'arsa nake ƙi ba, Auta, ba kuma shekarunsa ba. Na je shagon nan da ƙafata. Mutumin da matarsa ke kallonsa daga bango tun safe har yamma, ke a ina za ki zauna?"

"Umma, ta rasu fa."

"Shi ya sa. Da mai rai ce, wata rana za ta ɓata masa rai. Wadda ta mutu ba ta laifi."

"Ya ce zai sauke hoton bayan biki."

"Zai." Umma ta kama haɓarta ta juya fuskarta wajen taga. "Tun yaushe kika fara yi wa girarki wannan lanƙwasar? Ni ban haifi mai irin wannan kallon ba."

Auta ta zame fuskarta. Ta dage, ta daina cin abincin kirki, har Umma ta gaji ta ce Allah Ya sa alheri, da muryar da ake yi wa matafiyi addu'a.

Dangin marigayiya su ma ba su so ba. Sun riga sun gama lissafinsu cewa Ƙanwa ce za ta maye gurbin yayarta. Ƙanwa kuwa ba ta taɓa ɗaga murya ba. Murmushi take yi, ta ce, "Anti Malama, sannu da zuwa, Yaya na ciki," ta bi ta da kallo har labule ya rufe.

Yau da safe Ƙanwa ta turo mata fayil ta kwamfuta, ta biyo shi da saƙon murya.

"Anti Malama, ga hoton katinku, ki duba ko da gyara... Au! Ashe wanda ba a haɗe ba na turo. Kai, ni da shirme! Kada ki buɗe fa, kin ce ba a kai baƙo madafi."

Auta ta buɗe.

Leyar bango. Leyar haske. Leya mai suna Malama. A samanta kuma wata leya ba suna, kaurinta ɗan kaɗan, kamar ba komai.

Ta danna ɗan idon.

Fuskar da ke allon ta zama tata. Ƙananan idanu, na hagu a rusune.

Ta sake dannawa. Kyakkyawar ta dawo.

Ta kama kaurin ta ja shi har ƙarshe. Idanun da ke bangon shago suka buɗe a tsakiyar fuskarta, suna kallonta a cikin ɗakinta.

Ba ta yi ihu ba. Ta je gaban madubi ta wanke girarta da sabulu, ta zuba abin da hannunta ya kai a jaka, ta fito.

"Mun iso, Hajiya," in ji direba. "A gaida amarya."

Ƙanwa na teburinta, ta ci kwalliya kamar mai jiran baƙi.

"Anti Malama! Lafiya na gan ki ba gira?"

"Yana ciki?"

"Yana ciki. Ba dai kin buɗe ba?"

Auta ta ɗaga labule ta wuce.

Ɗakin aikin ba taga, hasken allo kaɗai. Yana zaune yana gyara hoton wasu 'yan makaranta. Ya juyo da fara'a.

"Hasken idona, tun ɗazu nake kiran wayarki..."

Ta ajiye kwamfutarta kusa da tasa, ta buɗe, ta juya masa allon. Kaurin na nan a ƙarshe yadda ta bar shi.

Fara'ar ta zube daga fuskarsa.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Tambayar ke nan?"

"Malama..."

"Ni na koya maka. Ko ba komai ka yi aiki mai kyau. Ni da sana'ata na duba ban gano ba."

"Ki zauna, don Allah."

"Buɗe mini sauran."

"Wane saura?"

"Duk hoton da ka taɓa ɗaukata. Ka ajiye su ba a haɗe ba, na sani. Ba za ka iya haɗewa ba."

Ya buɗe foldar a kwamfutarsa. Ya fara da na farko, wanda ta kai ɗaki ta rufe ƙofa. Leyar marar suna na nan. Wannan karon fuska ce sukutum, goshi, kumatu, leɓe, an daidaita ta a kan tata da haƙurin mai ɗinki. Kaurinta ya kusa rabi.

Auta ta dafa bayan kujera.

"Wannan na rataya a kan gadona."

"Ki duba na gaba," ya ce da sauri. "Ki duba, don girman Allah!"

Na gaba kaurin ya ragu. Na bayansa an goge goshin. Wani an goge leɓen, nata suka fito. Wani kuma tabon haɓarta ya dawo, bai taɓa shi ba.

"Kin gani? Kullum ragewa nake yi. Da farko ban iya kallon mace ba sai da ita a tsakani, wallahi ban iya ba. Sai na ga ina son tabon nan. Sai na ga ina son yadda kike tura baki in kina tunani. Tahowa nake yi wajenki, masoyiyata, a hankali nake tahowa. Dubi na katin, kashi biyar ne kacal cikin ɗari!"

"Ina ne ya rage?"

Ya kawar da kai wajen allon.

"Ina ne ya rage, Mai Hoto?"

"...Idanun."

"Waɗanda za su kashe ka."

Ya sunkuyar da kai.

Abin haushi, ta yarda da shi. Ta ga hanyar da ya biyo, hoto bayan hoto, kamar mai fitowa daga rijiya. Zuciyarta ta ce mata saura ƙiris, ki jira shi. Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta buɗe hoton katin a kwamfutarsa, kaurin na inda ya sa shi, ta tura masa linzamin kwamfutar.

"To. Ban ce ka goge ba. Ban ce ka sauke hoton bango ba. Rufe idon kawai, ka dube ni yadda nake, mu je a buga kati."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya ɗora hannu. 'Yar kibiyar ta tafi a hankali ta tsaya a kan ɗan idon. Injin wanke hoto na gurnani a kusurwa. Daga waje ana jin Ƙanwa tana ja wa wani abokin ciniki rai.

Yatsansa bai motsa ba.

"Danna mana."

"Zan danna."

"Ina jira."

Zufa ta tsatso masa a goshi. Da ya yi magana, ba ita yake kallo ba.

"Ranar da ta rasu ina wajen aiki. Ina tsaye ina ce wa mutane su matso, su yi murmushi. Kafin in iso gida wani ya riga ya rufe mata ido. Ban ga lokacin ba." Ya janye hannunsa daga linzamin. "Yanzu kuma ki ce ni da hannuna... Ki ba ni lokaci, Malama. Bayan biki. Na rantse miki bayan biki."

Bayan biki. Hoton bango ma bayan biki.

"Dube ni," ta ce.

Ya juyo. Ba jagira, ba kwalli, ba karkata kai. Ya dube ta, ta ga idonsa ya sauka a haɓarta, ya hau leɓenta, ya zo daidai idanunta ya ɗan kauce, kamar wanda ya shiga ɗaki ya tarar an canja wa kaya wuri. Daƙiƙa ɗaya ce. Mai gyaran hoto ba ta buƙatar fiye da haka.

"Ina son ki," ya ce. "Wallahi ina son ki."

"Na sani. Saura kashi biyar."

Ta janyo linzamin. Ya zabura ya riƙe gefen tebur.

"Kada ki goge ta! Don Allah kada..."

"Ba ni taɓa kayan mutane."

Ta sauka ƙasa da leyar marar suna, ta zaɓi wadda aka rubuta wa Malama. Ta goge.

Fuskar ta tafi, da tabon, da wuyan, da mayafin da ta zaɓa don hoton. Bango ya rage, da haske mai laushi da ya zuba mata a kafaɗa, yanzu yana zuba a kan ba kowa. A tsakiyar fili kuma idanu biyu, shara-shara, suna rataye a iska, suna kallonsu su biyu.

Ya yi wani sauti a maƙogwaro.

"Nawa na ɗauka," ta ce. "Naka na nan. Yanzu ba mai tsaya muku a tsakani."

Ta rufe kwamfutarta ta sa a jaka. Ta bar masa tasa a buɗe, da foldarsa.

"Sauran ma ka cire ni. Ka iya, ni na koya maka."

A waje Ƙanwa ta miƙe tsaye, ta kasa ɓoye haƙoranta.

"Anti Malama, har za ki tafi? Ko ruwa ba ki sha ba. Ni fa kuskure na yi, Allah Ya sani."

Auta ta tsaya ta dube ta da kyau, karo na farko. Ta dubi hoton da ke saman kanta. Idanu iri ɗaya, manya, na gado, ba filta ba leya.

"Kuskurenki ya yi mini rana, na gode. Ke kam ba sai ya wahala da kwamfuta ba."

"Me kike nufi?"

"Duk ranar da ya dube ki ya ce hasken idona, ki waiga ki ga wa ke bayanki."

Murmushin ya daskare a fuskar Ƙanwa. Ba ta waiga ba, amma wuyanta ya sandare.

Auta ta kai bakin ƙofar gilashi lokacin da labule ya ɗaga. Ya fito ba takalmi.

"Malama! Ki tsaya, zan danna. Yanzun nan zan danna, ki zo ki gani!"

Ƙafarta ta so tsayawa. Ta san in ta koma zai danna, yana kuka zai danna. Ta san kuma gobe za ta farka ta je gaban madubi ta tambaye shi wa Mai Hoto yake nema a fuskarta, jibi ma haka, har ta tsufa tana jan gira irin ta wata.

Ta fita ta ja ƙofar har ta ji ta kama. Yana tsaye a bayan gilashin, tafinsa a manne, Ƙanwa a bayansa, hoton a bayan Ƙanwa.

Ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Na fasa, Mai Hoto. Allah Ya ji ƙanta."